Wata Mai Sauraro a Barking

Zuwa ga yayar Sadiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sa wani abu mai ɗumi a cikinki, kin kuma rama sallolin da jirgi ya cinye miki. A aljihun jakar jitarki na cusa ta, inda kike ajiye sabuwar tsirkiya, don na san ko akwatin kayanki ya ɓata a hanya, wannan jakar ba za ki bari ta yi nisa da ke ba.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki ɗan yi tsaki, sannan ki zauna ki bi ta a hankali kina motsa baki, kamar lokacin da nake kai ki Islamiyya a Whitechapel. Haka nake so. Da Turanci ne da kin zuƙe ta a tsaye kina jiran tasi, ni kuma abin da ke bakina ba ya fita da Turanci. Labarin gida babu shi a nan. Abbanku zai ba ki a waya, har da wanda ba ki tambaya ba.

Maganar ranar Lahadi ce ta sa ni ɗaukar biro. Muna cin tuwo kika ce mutanen kamfanin da suka gayyace ki Nashville ta Amurka rubutun waƙa sun ce sunanki ya yi tsawo, masu gabatar da shiri a rediyo za su yi ta tuntuɓe da shi. Sun ba ki shawara a rubuta Addie a takardar yarjejeniya da kuma ƙasan duk waƙar da kika rubuta, kuma in kin isa za ki ba su amsa kafin ki sa hannu. Abbanku ya tsame hannunsa daga miya ya ce, "Sunan da na yanka miki rago a kansa?"

"It's fine, Abba," kika ce. Sai kika ƙarasa da Hausa, wadda ba kya taɓawa sai kina so magana ta shiga jiki: "Ai ko Mama ba ta faɗarsa."

Na tashi na shiga kicin ɗebo miyar da babu wanda ya ce a ƙara masa. Kin yi gaskiya, shi ya sa ban iya ba ki amsa a wurin ba. Amsar ce wannan, kuma za ta ɗan yi zagaye, kin san uwarki.

Kafin in auri Abbanku na yi aiki a wani gidan rediyo a Kaduna, wannan kin sani. Abin da ban cika ba ki labari ba shi ne yadda na fara. Shirin gaishe-gaishe aka sa ni, mutane su aiko da kati su gaida 'yan uwa, su zaɓi waƙa a sa musu. Ba za ki yarda da yawan masu zaɓar waƙoƙin Turawan karkarar Amurka ba, waɗanda muke ce wa kantiri. Direbobin manyan motoci, malaman firamare, ma'aikatan jinya, 'yan sanda. Da yawansu ba sa jin rabin Turancin, amma suna jin cewa mutumin nan yana ba da labari ne, kuma wani abu na damunsa. Ni ma a nan na kamu. Kaset-kaset ɗin da kika tarar a kwali ƙarƙashin gadona, daga wancan gidan rediyon na kwafo su.

Wata rana kati ya zo daga wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, yana gaida matarsa da ta haihu. Sunan matar na mutanen kudancin Kaduna ne, ban taɓa jin irinsa ba. Jar fitila na kunne, alamar muna kan iska, baki ya ƙi, sai na yi wayo na ce, "yana gaida maiɗakinsa." Na sa waƙa na wuce, har ina jin daɗin yadda na zille.

Bayan kwana biyu sai ga mutumin a ƙofar gidan rediyo, hula a hannu. Ba faɗa ya zo yi ba, da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, mun tara maƙwabta, ta yi kwalliya ta zauna gaban rediyo da jariri. Kowa yana da maiɗaki. Ni wannan nake gaisarwa."

Malam Tanimu, tsohon mai gabatarwa da ya koya mini aikin, ya zaunar da mu a benci. Ya sa mutumin ya yi ta faɗin sunan ina maimaitawa, masinjoji na wucewa suna dariya, har sai da ya gyaɗa kai ya ce ya fita. Sannan Malam ya ce mini, "Zainabu, sunan mutum aro aka ba ki. Yadda kika karɓa haka za ki mayar. In ba ki iya ba, ki koya kafin a kunna fitila." Ya ƙara mini da doka ta biyu, cewa ba a sa faifai a bar shi ya ƙare ba a faɗi mai shi ba.

To ki ji ni a nan. Iya faɗin suna aikin mai gabatarwa ne, a kansa ake ba shi kujera. Kada ki sauke masa kayansa ki ɗora wa kanki. Kafin kowace hira ki ɗauki muryarki a waya kina faɗin sunanki a hankali, ki tura musu. In ya kuskure kuna kan iska, ki yi murmushi ki gyara masa sau ɗaya, ba tare da kin ba shi haƙuri ba. Nagari a cikinsu zai gode miki, don babu mai aikin rediyo na kirki da ke son a ji shi yana karya sunan baƙonsa.

Za ki ce ai ni na san haka, ban taɓa yarda a taɓa nawa ba. Ina fa. Da muka zo London na samu aikin karɓar marasa lafiya a asibitin unguwa, manajar wurin, mace mai kirki, ta dubi takardata ta yi ta juya harshe, sai ta tambaye ni ko za su iya ce mini Jane. Na ce babu komai. Sabuwar zuwa ce ni, ga ciki, ga sanyi, ga tsoron kada a ce ina da fitina. Aka buga Jane a ɗan allon da nake maƙalawa a ƙirji. Da farko in an kira sai in waiga in ga da wa ake. Daga baya na saba, har ta kai ko a jirgin ƙasa wani ya kira wata Jane sai in ɗaga kai.

Na shekara da shekaru a haka. Rannan wani dattijo ya shigo, ɗansa ya sauke shi ya tafi neman wurin ajiye mota. Ya tsaya gabana dafe da haƙarƙari, ya dubi fuskata, ya dubi allon, sai ya shiga haɗa Turanci da kyar, gumi na keto masa. Can na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Wayyo Allah, ina zan samu mai jin magana." Na ce, "Baba, ina ke maka ciwo?"

Ya ɗago ya kalle ni. Ya ce, "'Yata, Bahausa ce ke? To mi ya kai ki Jen? Da na ga sunanki ai da tun ɗazu na yi magana." Basakkwace ne. Yana ta yi mini addu'a har aka shiga da shi, ni kuwa kunya ta hana ni amsa amin da ƙarfi. A satin na je na ce a canza allon. Manajar ta ce, "Oh, you should have said." Wato tun farko magana ɗaya ce ta rage in yi, ban yi ba.

Suna ba don mai shi kaɗai ake rataya shi ba, da shi naka ke gane ka a cikin taro. Na sha ganinki kina ƙarama kin zauna a tsakiyar falo da faya-fayan da kika tsinto a shagon gwanjo, kin zaro 'yar takardar ciki kina bin ƙananan rubutun da yatsa, wa ya rubuta, wa ya kaɗa. Ban tambaye ki me kike nema ba, amma na sani. Akwai wata yarinyar yanzu haka, a Barking ko a Zariya ko a Kumasi, da za ta yi irin wannan binciken a wayarta. In ta ga Addie za ta wuce.

Bari in ɗan ratse, don kada ki ce duk wasiƙar magana ɗaya ce. Kin tuna shekarun da kike kiɗan rock? Ke da ƙawayenki biyu a 'yar rumfar bayan gida, ganga kamar ana rushe gini, jitar lantarki na kuka, maƙwabcinmu na buga katanga har ya kai mu ƙara council, hukumar unguwa. Ni ban taɓa tsayawa na ji me kuke faɗa ba. Na yanke hukunci daga kicin cewa hayaniya ce kawai, kuma ba ta 'ya'yan mutunci ba. Wayar lasifikarki da ta ɓata kika birkice gidan nan kina nema, kika zargi Sadiq har kuka daina magana, a cikin buhun shinkafa take. Na san kin gano daga baya, don na ga kallon da kika yi mini ranar da na ce ki auno mini kofi biyu.

Allah da ikonsa, rashin wayar nan ne ya sa kika koma kan tsohuwar jitar katako, kika jawo kwalin kaset ɗina kina bin su. Da haka kantiri ya shige ki. Kada ki ce dabara ce na yi, mugunta ce ta zo da sa'a. Sai bara, da kika sa mini ɗaya daga cikin waƙoƙin rumfar nan a mota, na ji ashe a kan wata 'yar ajinku ce da ake tsokana saboda ɗankwalinta. Kuna kare yarinyar mutane ne da iya ƙarfinku, ni ina ɓoye muku waya.

Kin ce a can al'adarsu mutum biyu ko uku ake haɗawa a ɗaki da safe, da kofin shayi, kowa ya zazzage abin da ke cikinsa, kafin la'asar a fito da waƙa, kuma duk wanda ke ɗakin sunansa na kai ko kalma ɗaya ya sa. To za a haɗa ki da wanda kiɗansa bai yi miki ba, da wanda maganarsa ta yi miki kama da shirme. Ki bari ya kai ƙarshe kafin ki yanke. Kada ki yi irin na uwarki, ki ji ƙara ki toshe kunne.

Kuma tunda sana'ar taku ta zazzage ciki ce, ki san abin da kike zazzagewa. Sirrin Abbanku da na Sadiq ba naki ba ne, ki tambaye su kafin ki kai su ɗakin baƙi. Takarda kuwa kada ki sa mata hannu ranar da aka miƙo miki ita, ko da ana murmushi ana cewa ƙa'ida ce kawai. Ki kwana da ita, ki tura wa lauyar nan da kika ɗauka kafin ki tafi. In taron waƙa ya ci karo da lokacin salla, ki nemi lungu ki yi abinki, kin fi ni sanin cewa Bature ya fi girmama wanda bai ɓoye kansa ba. Labarina ni kuwa na yafe miki shi duka. Ki rubuta abin da kika ga dama.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Ni 'yar fari ce, kamar ke. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan," in kuma da baƙi sai ta yi kamar ba ta san da ni a wurin ba. Haka ake yi a gidanmu a Zariya, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ba ƙi ba ne. Kara ce ake yi wa surukai da manya, a nuna cewa ɗan nan nasu ne kafin ya zama naka.

Amma ki ji yadda gidan yake. Akwai kakata, akwai Goggo Asabe, akwai matan baffannina. Tun asuba ake kiran Zainabu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Goggo ce ke goya ni, ita ke yi mini kitso tana yi mini kirari, ita ke shiga faɗana ko ni ce da laifi. In Inna ta ga tsoka mai kyau a miya, ba ta ba ni, sai ta sa a kwanon Goggo, ta san inda za ta ƙare. Ni ma na sani. Sunana bai taɓa yin kwana ɗaya ba a kira shi da daɗi ba, don haka shirun mutum ɗaya bai zama rami ba.

Da aka haife ki a nan, sai na yi abin da na ga an yi. Ban ma yi shawara da kaina ba, baki ne kawai ya ƙi. Abin da ban lura ba shi ne na ɗauko kunyar na baro goggonnin. Flat ne mai ɗaki ɗaya a hawa na uku, Abbanku na wurin aiki a asibiti dare da rana, daga ni sai ke. Babu kwanon da zan sa tsokar a ciki. Wanda zai kira sunanki da daɗi babu, sai malaman makaranta, su kuma karya shi suke yi. Da aka haifi Sadiq na samu sauƙi, kika zama yayar Sadiq. Shi ina kiransa sau ɗari a yini, ina yi masa waƙa, ke kina tsaye kina ji. Rabin al'ada na kawo ƙasar nan, kuma rabin mai ciwon na kawo.

Sai ranar saƙon nan. Lokacin na fara shirin gaishe-gaishe na ranar Asabar a ƙaramin gidan rediyonmu na 'yan Afirka, wanda nake yi har yau. Ba ki wuce 'yar firamare ba. Ina zaune gaban makirufo saƙonni na shigowa, sai na ga lambar Abbanku. Na buɗe, ga Hausarki ta 'yan koyo: kina gaida Mama, kina so a sa miki waƙar kantiri, kin rubuta sunanki cikakke da manyan baƙaƙe don kada in yi kuskure.

Ranar na karanta sunaye sun fi a ƙirga. Na Yarabawa, na mutanen Gana, na wata 'yar Somaliya da na kira ta a waya tun da safe ta koya mini. Da na zo kan naki sai na tuna matan da ke saurare, su Hajiya wance da wance da suka san 'yar fari ce ke, za su ce Zainabu ta zama Baturiya. Na ce, "Sai kuma wata mai sauraro a Barking, tana gaida mahaifiyarta." Na sa miki waƙar.

Da na dawo na tarar kin kwanta da rana tsaka, fuska a bango. Abbanku ya ce tun safe kika jawo kujera gaban rediyon kicin, kika hana kowa magana. Na ce ko zazzaɓi ne, na taɓa goshinki. Ni da mutumin Kafanchan ya tsaya gabana da hula a hannu, ni da na san me ake ji a gaban rediyo, na taɓa goshinki na ce babu zafi, na tafi ɗora girki.

Ban san kin riƙe abin ba sai da waƙarki ta fita. Ke ba ki sa mini ita ba, kuma ban ga laifinki ba. Na je Lewisham sayen daddawa da kuka a shagon Anti Hajara, kin san ta da Hausarsu ta zangon Kumasi, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Tana ganina ta ce, "Maman Sadiq, yarinyanka ya yi waƙa a kanka, ka ji shi? An sa shi a rediyo, ni na yi download."

Na ce ban ji ba. Ta miƙo mini waya ta ci gaba da awo. Na tsaya tsakanin buhun gari da kwalin doya na ji muryarki, jita ɗaya, babu ganga, babu ado. Yarinya a kicin ranar Asabar, ƙafafunta ba sa kai ƙasa daga kan kujera, tana jiran matar cikin rediyo ta faɗi kalma ɗaya. Ba ki zage ni ba, ba ki ma ce na yi laifi ba. Kin faɗi launin rediyon, kin faɗi ƙamshin albasar da Abbanku ya ƙona. Abin da ya sa nake son kantiri tun ina budurwa shi ne ba ya kwana-kwana, ranar na ji yadda abin yake in kai ne a cikin labarin.

Anti Hajara ta dube ni ta ce, "Ka zauna, ka zauna. Kuka ba laifi." Ta jawo mini kujerar roba. Ta ce, "Mu a zongo muna kiran yaranmu duka. In ba ka kira shi ba, wa zai kira maka a ƙasan nan?"

A jirgin District line ina komowa wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa yarda da shi ba. Lokacin da Inna ke jinyar ƙarshe, kullum ina kiranta a waya, in ta ɗauka sai ta ce, "Ke ce?" In ce ni ce. Ashe duk kiran nan ina kasa kunne ne ko za ta faɗa sau ɗaya. Da goggonnina da kakata da komai, ashe ni ma ina jira. Ban ce Inna ta yi kuskure ba, Allah ya jiƙanta, a gidanta da zamaninta abin yana da ma'ana, kuma na ga sonta a kwanon Goggo. Amma in ni na jira, to ke fa.

Waƙar nan ce mutanen Nashville suka ji suka neme ki. Abin har dariya yake ba ni mai ɗaci. Waƙar yarinyar da aka ƙi faɗin sunanta ce ta burge su, shi ne suke so su ma su ƙi faɗa.

Ba zan yi miki dole ba. Ke za ki zauna a garin, ke kika san ƙofofin da kike son shiga, kuma mawaƙa da yawa sun ɗauki wani suna ba su zama mutanen banza ba. In kin auna kin ga Addie ne zai yi miki aiki, ki ɗauka, albarkata na tare da ke, Abbanku kuma ni zan ji da shi. Abu ɗaya ne ban yarda ba, ki ajiye sunanki don kina ganin ba shi da mai so. Ki lura, Addie ɗin nan tun ɗazu nake rubuta shi ba ko ɗar, zan iya faɗarsa a gaban surukaina. Da haka na san ba naki ba ne. Wanda ke maƙale mini a wuya, nauyinsa ne ya hana shi fita. Babu sujadar da na yi tun ranar sunanki da ban faɗe shi ba, sai dai a can ƙasa, inda daga ni sai Allah.

Tun ranar Lahadi nake yin abin da Malam Tanimu ya koya mini. In kun fita sai in tsaya a kicin, gaban rediyon nan, in faɗe shi da ƙarfi. Ranar farko ina faɗa ina waige-waige kamar wadda aka kama da sata. Jiya Abbanku ya dawo ɗaukar makulli ya ji ni, ya tsaya a ƙofa, ya koma ya jawo ƙofar a hankali. Na so in faɗa miki a filin jirgi, amma na san kaina, ga jama'a ga hawaye, zan ce "ke, ki kula da kanki" in juya. In haka na yi, ki yi haƙuri, saura kaɗan.

Ranar Asabar ki buɗe shirinmu a wayarki. A wurinku asuba ce, ki tashi ko da gajiya. Zan sa waƙarki, tun daga farko har ƙarshe, su Hajiya wance su ji, su faɗi abin da za su faɗa. Kuma kin ji dokar da aka koya mini, ba a barin faifai ya ƙare ba a faɗi mai shi ba. Ban san me za ki rubuta a takardarsu ba. Ni dai suna ɗaya na sani, shi zan faɗa.

Allah ya tsare ki a garin da ba ki da kowa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Ya sa albarka a muryarki da alƙalaminki, ya hana ki rubuta abin da za ki ji kunyarsa gobe. Ya tsare miki sallarki da lafiyarki, ya dawo mana da ke muna raye. Abbanku yana sa miki albarka. Sadiq ya ce in gaya miki ya riga ya kwashe kayansa zuwa ɗakinki.

Ki ci abinci. Ki sa rigar sanyi ko sun ce garin da zafi.

Allah ya yi miki albarka, Sa'adatu. Sa'adatu, 'yata ta fari.

Mamanki,
Zainabu